Minti na Sittin da Uku

Glenda Hepworth ta ɗora kofin shayinta a kan takardar rabon aiki, daidai kan sunanta, don Gurdev ya daina nuna mata shi da biro.

"Na san sunana," ta ce. "Tambayarka nake, a duk garejin nan babu ko mutum ɗaya?"

"Anti Glenda, wallahi babu wanda ban buga wa waya ba. Direba goma sha ɗaya suka nemi hutun yau tun ranar da aka sanar an mayar da wasan ƙwallo yau. Biyu sun ce kakarsu ta rasu. Ɗayansu ma wannan ce kakarsa ta uku a bana."

Gurdev Sandhu shi ke raba aiki a garejin bas na Harbeck, kuma ba mugu ba ne. Ya je jana'izar mijinta, har ya kai mata tukunyar abinci. Amma ranar Lahadi ce, ƙarfe goma sha ɗaya na safe, kuma bas mai lamba arba'in da ɗaya ba ya tuƙa kansa.

"Marek fa?"

"Marek yana coci ana yi wa 'yarsa baftisma. Ke kika karɓe masa Lahadin nan da hannunki."

Nan gizo ke saƙar. A ƙa'ida Glenda Asabar take aiki, Lahadi tana gida. Da aka tsayar cewa za a tafa wa mijinta Trevor a wasan ƙwallo na Asabar, kwana huɗu ta yi tana bin Marek, har da gasa masa kek, kafin ya yarda su yi musaya: shi ya ɗauki Asabar ɗinta, ita ta ɗauki Lahadinsa. Aka sa hannu, Gurdev ya buga hatimi, Marek ya je ya kama rana a coci. Bayan kwana biyu masu talabijin suka ga wasan ya yi musu, suka ɗauke shi daga Asabar ƙarfe uku suka mayar Lahadi ƙarfe biyu. Da ta zauna ba ta yi komai ba, da yau tana hutu.

Tafin nan kuwa ba abin wasa ba ne a garin. In tsohon ɗan kallo ya mutu, abokan zamansa kan sanar, ranar wasan gida na gaba kuma, in agogon fili ya kai yawan shekarunsa, kowa ya miƙe a tafa masa minti guda cur. Ba a jawabi, ba a tsayar da wasa. Sau ɗaya ake yi wa mutum. Trevor shekararsa sittin da uku, hamsin da biyar daga ciki ya yi su yana zuwa filin ƙwallo na Tanyard. Mai gyaran famfo ne. Makonni uku da suka wuce zuciyarsa ta tsaya a ƙarƙashin wurin wanke-wanken wata mata, da sifana a hannunsa. Ya riga ya gama gyaran.

Gurdev ya leƙa ƙofa, ya rage murya. "Da kin bugo da safe kin ce zazzaɓi kike, da ban tambaye ki komai ba."

"In zauna a kujerar Trevor kyamara ta hasko ni? Ka manta Colin?"

Babu wanda ya manta Colin. Bara ya kawo takardar ciwon baya, duk ƙasar ta gan shi a talabijin ba riga yana tsalle a kan kujera. Yanzu kaya yake jerawa a kanti.

"To me zan yi miki, Anti?"

"Ba komai. Ba ni makulli."

Ta ɗauke kofin. Ya bar zoben shayi a kewaye da sunanta.

Abin da Gurdev bai sani ba, Glenda ta riga ta yi lissafinta a bayan ambulan. Bas arba'in da ɗaya daga kasuwa yake tashi, ya bi ta bayan filin Tanyard, ya ƙare a babban asibiti. Za a take ƙwallo ƙarfe biyu. Minti arba'in da biyar, da ɗan ƙarin alƙali, da hutun rabin lokaci, za a dawo uku da minti biyu. Minti na sittin da uku zai faɗo kusan uku da ashirin. Ita kuma takardar aiki ta ce ta tsaya a tashar Tanyard uku da sha shida. Minti huɗu kawai za ta sata. Shekara ashirin da biyu tana tuƙi ba ta taɓa satar ko ɗaya ba, ta ga ta cancanta. In ta kashe inji ta buɗe ƙofa, daga nan ana jin har tarin mai tsaron gida.

Ta yi zuwa biyu da dawowa biyu ba abin da ya faru. Ƙyallen wuyan Trevor, mai launin ƙungiyarsa, kore da fari, yana naɗe a cikin jakarta kusa da burodinta, wanda ba ta ci ba.

Trevor dai ra'ayinsa ɗaya a duniya: ƙwallo Asabar ake yi, ƙarfe uku. Gwamnati ta hau ta sauka, ko a jikinsa. Amma a ce an mayar da wasa Litinin da dare, sai ya yini bai yi wa kowa magana ba, ya huce a kan famfon mutane. Bai taɓa biyan tashar ƙwallo ba, in ya shiga gidan giya ya tarar an kunna, baya yake juya mata. Shekara goma sha tara da suka wuce ya ɗauki zanin gadonta, mai kyan, wanda 'yar uwarta ta ba su, ya rubuta masa ASABAR, ƘARFE UKU da baƙin fenti. Duk wasan da aka matsar sai ya ɗaga shi. Ta yi wata guda tana yi masa gori, daga baya ita ke wanke masa shi. Yau zanin yana hannun Roy Tordoff, abokin zamansa, wanda ya shirya tafin.

Jiya Asabar, ranar da ta sha wahalar samu, ta rasa abin yi da ita. Ƙarfe uku saura ta sa riga ta taka har Tanyard. Ƙofa a rufe. Ta tarar da tsofaffi uku a tsaye, hannu a aljihu, kowa yana yi kamar wucewa yake.

Ƙarfe uku daidai ta ja bas daga kasuwa. Fasinja huɗu ne. 'Yan mata biyu a can baya, kunnuwansu a toshe da waya. Wani ƙato da kayan aiki duk fenti, ya tasa wayarsa a gaba. Sai Misis Ibbotson, wadda ta hau da ƙyar ta zauna a kujerar gaba, jaka a kan cinya.

Glenda ta san ta. Duk Lahadi tana ganinta a tasha in ta fito sayayya. Mijinta Arnold yana kwance a asibiti tun kafin hunturu.

"Iya, yau kin makara."

"Ban makara ba, 'yar nan. Tun biyu saura kwata nake tsaye. Bas ɗin ƙarfe biyu ne bai zo ba."

Glenda ta san dalili. Direban bas ɗin biyu shi ne mai kaka uku.

Garin tsit, kamar an share. Duk mai ƙafa yana fili ko yana gaban talabijin. Ta isa tashar Tanyard uku da sha shida cif, ta ja birki, ta buɗe ƙofa, ta kashe inji. Bangon filin ga shi nan, tsallaken titi. Ta ciro ƙyallen ta ɗora a kan sitiyari.

Ba ihu, ba waƙar 'yan kallo. Kiɗa take ji daga lasifika, da muryar wani yana tallar inshorar mota.

Ta juya wajen mai fenti.

"Malam, wasan kake kallo?"

"Talla nake kallo, direba. Wasan ne ke ɗan katse ta."

"Minti na nawa?"

"Na nawa? Ai ba a dawo ba tukuna. Sai biyu da minti goma aka take, wai ana jiran wasan wani gari ya ƙare kada su haɗu. Sannan alƙalin bidiyo ya yi minti bakwai yana auna yatsan ƙafar wani. Ga su nan, yanzu suke fitowa." Ya ɗago kai. "Motar ce ta lalace?"

"Lafiyarta ƙalau."

Ta sake lissafi a ka. In yanzu za a dawo, minti na sittin da uku sai uku da talatin da biyar. Ba minti huɗu ba ke nan, ashirin ne. Ta kalli agogon gaban mota, ta kalli bango. Takardar gargaɗi ce za ta samu, ta farko a rayuwarta. To, a kawo.

"Jama'a, ku yi haƙuri," ta ce, ba ta juyo ba. "Za mu ɗan tsaya. Mijina za a tafa wa a ciki. Minti na sittin da uku."

'Yan matan ba su ji ba. Mai fenti ya ajiye wayar a cinya.

"Tsaya. Na ga an rubuta a shafin magoya baya. Ba dai Mai Zanin Gado ba?"

"Zanina ne."

"Kai! Allah ya ji ƙansa. Shekara goma ina zama layi shida a bayansa, in ya ɗaga abin nan ba na ganin rabin fili. Ban taɓa ce masa ya sauke ba." Ya sosa gemu. "Ni ma tikitina na aljihu. Na ɗaga aikin Asabar zuwa yau don in zo, kin ga yadda ta kaya. Ki tsaya har gobe, direba. Bangon da zan shafa ba gudu zai yi ba."

Daga cikin fili aka busa usur, hayaniya ta tashi. Glenda ta san kowane irin sauti na wurin nan: wannan na an dawo ne. Ta ji daɗi har ƙirjinta, ta kuma ji kewar mutumin nan mai taurin kai ta taso mata.

Oba-oba, na'urar magana da gareji, ta yi ƙara. "Arba'in da ɗaya, na ga ba kya motsi. Lafiya?"

"Lafiya lau, Gurdev."

Yana da taswira a gabansa, ya san inda ta tsaya.

"To," ya ce, ya kashe.

Sai a lokacin ta kalli madubi. Misis Ibbotson tana zaune yadda take, sai dai ta ture bakin safar hannunta tana duba agogo. Da ta ga ana kallonta ta yi maza ta rufe.

"Iya, ƙarfe nawa ake rufe ziyara?"

"Kada ki damu da ni."

"Ƙarfe nawa?"

"Huɗu. A ɗakinsu uku zuwa huɗu ne, kuma matar da ke bakin ƙofa ko uwarta ce ba ta ƙara mata minti." Ta gyara jakar. "Ki yi zamanki, 'yar nan. Arnold ba inda za shi. Yawanci ma ba ya gane ni. Ran Alhamis ce mini ya yi in gaida matarsa."

Daga Tanyard zuwa asibiti minti ashirin da biyar ne, in an ci sa'ar fitilu ashirin da biyu. In ta jira tafin, huɗu da 'yan mintoci za su isa. Wannan lissafin bai buƙaci ambulan ba.

"Gobe za ki iya zuwa ai," in ji mai fenti, a hankali.

"Zan iya. Likita dai ya ce kada in riƙa tsallake rana yanzu." Ta faɗe shi kamar mai faɗin za a yi ruwa. "Miyar wake ce kawai na kawo masa. Cokali uku yake sha. Amma tafin mijinki sau ɗaya ne, ki tsaya."

A cikin fili aka yi "uuu" mai tsawo, irin na ƙwallo ta wuce saman raga. Glenda ta riƙe ƙyallen da hannu biyu. Haushi ya kama ta, na masu talabijin, da na alƙalin bidiyo, da na direba mai kaka uku, har da na tsohuwar nan da ta ƙi yin masifa. Da ta yi masifa, da zama ya yi sauƙi.

Agogo ya nuna uku da ashirin da huɗu.

"Minti na nawa?"

"Hamsin da biyu."

Ta naɗe ƙyallen ta ajiye a gefe. Ta rufe ƙofa, ta tayar da inji.

"'Yar nan, na ce miki..."

"Iya, riƙe ƙarfen nan da kyau."

Ba ta kalli bangon ba da suka wuce. Ta bi titin masaƙa, ta haye gada, ta hau babbar hanya. Ba kowa a tashoshi, fitilu biyu suka ba ta hannu. Can wajen gidan mai, mai fenti ya taso ya dawo kujerar da ke bayanta, abin da doka ba ta so, ya ƙure ƙarar wayarsa.

"Sittin da ɗaya," ya ce. "Ki sani dai wayar tana baya da kusan minti guda. A can sun riga mu."

"Na sani."

"Sittin da biyu. Ga shi, ga shi, suna miƙewa."

Tafin ya fito daga 'yar lasifikar wayar, siriri, kamar ana soya dankali a maƙwabta. Mutum dubu ashirin ke nan. Mai sharhi ya ce magoya baya suna tunawa da ɗaya daga cikinsu, abin sha'awa ne ƙwarai, sannan ya ce yana tunatar da masu kallo cewa wasan ranar ashirin ga wata an mayar da shi Litinin ƙarfe takwas na dare, kai tsaye a wannan tasha.

"Sun nuno zanin!" Mai fenti ya daka tsawa. "Wallahi ga shi nan, mutum huɗu sun ɗaga, har ana karanta... a'a. Sun kawar da kyamara."

"Na tsawon yaya?"

"Daƙiƙa biyu. Ko uku."

"Shekara goma sha tara yana ɗagawa ba su taɓa nunawa ba," in ji Glenda.

Mai fenti ya maƙale wayar a tsakanin gwiwoyinsa ya shiga tafi da manyan hannayensa. Misis Ibbotson ma tana tafawa, amma da safar ulu, ba a jin komai. Ɗaya daga cikin 'yan matan ta cire abin kunnenta, ta dube su, ta mayar. Glenda hannunta biyu suna kan sitiyari, don akwai kwana a gaba. Kafin ta gama shan kwanar tafin ya ƙare, an koma maganar bugun kusurwa.

Uku da arba'in da bakwai ta tsaya a ƙofar asibiti. 'Yan matan suka sauka. Mai fenti ya tsaya a bakin ƙofa kamar zai yi jawabi, sai ya ce, "Har yanzu ba ci," ya sauka. Glenda ta sauke wa tsohuwar matakala.

Misis Ibbotson ta sa ƙafa ɗaya a ƙasa, ta juyo.

"Sittin da uku kika ce?"

"E."

"Lokaci mai kyau. Kowa na zaune, an gama cin abinci, ba a fara tunanin mota ba. Nawa tamanin da takwas ne. In tasa ta zo, rabin fili sun fice gudun cunkoso." Ta gyara jakar a hannu. "Shi ma ɗan Tanyard ne, ɓangaren rumfar kwano. Bari in je, miya na hucewa."

Glenda ta bi ta da kallo har ƙofar gilashi ta rufe. Minti goma sha ɗaya suka rage wa tsohuwar, in lif ɗin hawa bene bai yi gardama ba.

Asibiti nan ne ƙarshen layi, kuma tun uku da arba'in da biyar ya kamata a ce ta juya. Ba fasinja ko ɗaya a tashar, sai wani mai gadi yana shan taba a jikin bango. Ta kashe inji. Ta ɗauko ƙyallen ta rataya a wuya, a kan rigar kamfani. Ta fito daga bayan sitiyari ta tsaya a tsakiyar bas, inda take iya ganin agogo. Da lambar ta canza, ta fara tafi.

Minti guda yana da tsawo in mutum shi kaɗai ne. Wajen rabi tafukanta suka fara zafi, hawaye kuma suka zo, ta bar su don ba hannun sharewa. Mai gadi ya leƙo, ya ga kore da fari, ya jefar da tabar ya tsaya sosai. Ba ta daina ba sai da lambar ta sake canzawa.

Ta koma kujerarta, ta share fuska da bakin ƙyallen. Oba-oba ta yi ƙara.

"Anti Glenda, na'ura ta ce kin makara minti tara. Dole in cika gurbin dalili. Me zan rubuta?"

Ta murza makulli.

"Rubuta an matsar da lokacin."

"Wa ya matsar?"

"Masu talabijin."

Ta ji shi yana dannawa, harafi ɗaya-ɗaya.

"Na rubuta," in ji Gurdev. "Ki taho a hankali, za a tashi daga fili."